Ka Faɗo Hannu Nagari, Ɗan Aji Ɗaya

A shekarar 2025 kaɗai yara kusan miliyan 2 ne suka zauna gaban kwamfuta suka rubuta jarrabawar JAMB. Fiye da miliyan ɗaya da rabi ba su kai maki 200 cikin 400 ba, wasu kusan dubu 380 kuma na'urar hukumar ce ta cinye musu maki, har shugabanta, Farfesa Ishaq Oloyede, ya zubar da hawaye gaban 'yan jarida yana neman afuwa. Ta irin wannan ƙofar ka kutso. Ka tsallake tantancewar jami'a, sunanka ya fito, Inna ta rangaɗa guɗa, Baba ya sayar da buhun masara biyu da tunkiya. To, kwantar da hankalinka, ka faɗo hannu nagari. Jami'ar gwamnati a Najeriya gwana ce wajen tarbiyyar baƙo, kuma tunda ba kowa ya iya godiya ba, bari in yi mata a madadinku, ina yi ina nuna maka hanya.

Darasin farko rijista ce, a nan za ka fara ganin hikimar masu tsara al'amura. A wasu ƙasashen yaro kan zauna a ɗakin uwarsa ya gama komai kafin shayinsa ya huce, shi ya sa suke tashi ragwaye. Tamu ta fi ƙaunar lafiyar ƙafafunka. Za ta tura ka kafe ka ciro lambar Remita, daga nan banki, daga banki ka koma kafe a ce fotal ya faɗi, ka dawo da la'asar a ce ya tashi amma bai ga kuɗinka ba. Sai ofishin kuɗi, sai asibitin makaranta, sai laburare, sai tsangaya, sai sashe, kowanne da layinsa, kowanne da kalar fayil ɗin da ransa yake so. Taron wayar da kan sababbin ɗalibai kuwa, wanda a cikinsa ake bayanin inda waɗannan ofisoshin suke, sau da yawa sai ka gama ɓata ka gano su da kanka ake kiransa, don kada a rage maka lada.

Je ka tsaya bakin tagar wani ofishi a makon farko ka ga tarbiyya tana gudana. Tagar rabi ce a buɗe. Yara sun fi ɗari a rana, kowa ya kifa fayil a ka yana kare zafi. A ciki ma'aikaci ɗaya ne, waya a kunne, yana ɓarar gyaɗa. Wani yaro da ya kwana a mota daga Gashuwa ya iso gaba bayan awa uku, ya miƙa takardunsa da hannu biyu, ya rusuna.

"Ranka ya daɗe, sa hannu ne."

Ba a ɗago an dube shi ba. "Hotonka jan bango ne, fari muke so. Na baya!"

"Na gode, ranka ya daɗe," in ji yaron, ya juya ya koma neman mai hoto.

Ka ji godiyar nan? Ita aka tara ku a koya muku, ga shi tun ba a shiga aji ba ya haddace ta. Madalla da malamar da ke koyar da darasin shekara huɗu a wuni ɗaya.

Tunda haka gidan yake, ga yadda ake zama a cikinsa. Duk takardar da ta shigo hannunka, ka yi mata kwafi uku, ka ɗauki hotonta ka tura wa kanka ta imel, domin waya kan faɗa ruwa, akan kuma sace ta. Kada ka bar takardarka ta asali a hannun kowa, ko da ya ce gobe za ka karɓa. Rasidin kuɗin makaranta na aji ɗaya ka adana shi inda Inna ke ɓoye sarƙarta, saboda ranar da ka gama karatu ka zo karɓar shaida, jami'ar da ta karɓi kuɗin da hannunta za ta ce ka kawo hujjar ka biya. Ka duba sunanka harafi-harafi. Idan kai Muhammad ne a JAMB, Mohammed a WAEC, Muhammed a katin ɗan ƙasa, to ku uku ne, kuma ranar da za a tura sunaye bautar ƙasa ba a san wanda za a tura ba. Ka gyara yanzu da ƙafarka ke da ƙarfi. Ka tabbata kuma JAMB ta san da shigarka, ka ciro takardar shaidar hakan daga shafinta, don akwai waɗanda sai a shekarar ƙarshe suka ji labarin cewa a wajen hukumar ba su taɓa shiga jami'a ba. Kwasa-kwasan da za ka yi rijistarsu, ka zauna da kodinetan ajinku ka tantance lambar kowanne. Kwas ɗin da ka zauna jarrabawarsa ba ka yi masa rijista ba, aikin banza ka yi. Wanda ka yi wa rijista bisa kuskure ba ka zauna ba, F ce ke jiranka, kuma ba za ta tambaye ka dalili ba.

Sai maganar wurin kwana, inda jami'a ta fi nuna kishin zumunci. A 2012 gwamnatin tarayya ta kafa kwamiti ƙarƙashin Farfesa Mahmood Yakubu, wanda daga baya ya shugabanci hukumar zaɓe, ya zagaya jami'o'in gwamnati ya duba halin da suke ciki. Ya ƙirga gadaje ya tarar kusan ɗalibi ɗaya cikin goma ne ke da wurin kwana a makaranta. Ya tarar da wuraren da ɗalibai ke zagayawa daji saboda ban-ɗaki ya ƙi shiguwa. Wani mai gajen tunani zai ce a gina ƙarin ɗakuna. Masu hangen nesa suka ga gara a ƙara yawan ɗalibai, a kuma ƙara buɗe sababbin jami'o'i, kowane ɗan majalisa da tasa a mazaɓarsa, har sai da gwamnatin da kanta ta gaji a watan Agustan 2025 ta ce an dakatar da kafa sababbi na tarayya na shekara 7.

Albarkar wannan tsari ita ce ɗakin mutum huɗu ya ɗauki tara. Masu gado huɗu, sikwata huɗu, sai kuma sikwatan sikwata, wanda ke shigowa bayan kowa ya kwanta ya shimfiɗa darduma a bakin ƙofa, ya fice kafin kiran assalatu. Ina za ka samu haɗin kan ƙasa irin wannan? Ɗan Argungu da ɗan Otukpo suna numfashi a fuskar juna, kuɗin cizo ɗaya na shan jininsu ba tare da ya tambayi addinin kowa ba. Fotal ɗin rabon gado kan buɗe da tsakar dare, kafin ka gama rubuta lambarka ya ce an cinye. Kada ka damu, gadajen ba su ɓata ba. Washegari za su bayyana a hannun wani ɗan aji uku da ninkin kuɗinsu sau uku ko huɗu, ka ga har kasuwanci an fara koya maka kyauta.

In ka samu shiga, ka zo da bokiti biyu da jarka, da kwaɗo mai ƙarfi na akwati, da gidan sauro, da silifas na shiga wanka, da fitila mai caji. Ruwa da asuba yake zuwa in ya ga dama, wanda ya yi barcin safe ya tafi lacca da taimama. Wuta kuwa, tun da aka ninka kuɗinta fiye da sau uku ga rukunin da ya fi samun ta a Afrilun 2024, jami'o'i da dama sun koma rabon ta da awo, abin da ke taimaka wa ɗalibi ya riƙa kwanciya da wuri. Kada ka jona hita ko risho mai lantarki a wayoyin da suka girmi mahaifinka. Ɗakunan kwanan ɗalibai sun sha ƙonewa ta haka, da takardu da komai.

Sauran tara ɗin da ba su samu gado ba, jami'a ta ba su 'yanci. Su nemi haya a Samaru, ko Danbare, ko duk ƙauyen da ya jingina da katangar makaranta, inda mai gida ke karɓar kuɗin shekara cif ko da rabinta za a yi a yajin aiki. A nan kam harshena ya ƙi juyuwa ga yabo. Daren 22 ga Satumban 2023 'yan bindiga suka shiga Sabon Gida, suka fasa gidajen hayar da ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau ke kwana, suka tafi da fiye da mutum 20, akasarinsu 'yan mata, wasu suka shafe watanni a daji. Ba a cika mako biyu ba aka ɗauke ɗalibai mata 5 na Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma daga gidan da suke haya. Yaran nan karatu suka zo yi, kuma rashin gado a cikin makaranta ne ya kai su kwana a bakin daji. Ƙanwata, in haya ta kama ki, ki zaɓi gida a tsakiyar jama'a ko da ɗakin ya fi ƙanƙanta, ki guji na ƙarshen gari komai arharsa. Ki san mai unguwa, ki karɓi lambar 'yan sintiri, ki tabbata wani a gida ya san ƙofar da kike kwana. In karatun dare ya kai ki cikin makaranta, ki kwana wajen ƙawa, kada ki biyo hanya ke kaɗai.

Mu koma aji. Lacca ƙarfe bakwai ce, amma mai son kujera tun shida yake zuwa. Zauren an gina shi don mutum 300, kwas ɗin kuwa na kowa da kowa ne, irin su Turanci da lissafin aji ɗaya, don haka ku dubu ne da ɗoriya. Wasu a kan matakala, wasu a kan taga ƙafa ɗaya a waje, wasu a tsaye a baya suna rubutu a gadon bayan na gabansu. Malam ya shigo, lasifika ta mutu tun bara. Layi biyar na gaba suna jin abin da yake faɗa, layi goma na tsakiya suna ganin bakinsa na motsi, na baya kuma sun yi imani yana nan. Takardar sa hannu tana yawo, kafin ta iso gare ka an rubuta sunayen mutum arba'in da ke kwance a ɗaki. Wannan duk horo ne na sauraro da kyautata zato. Kai dai ka zo da wuri ka zauna gaba, ka sa hannu da kanka, domin ƙa'idar ita ce sai ka halarci kashi 75 cikin 100 na laccoci kafin ka zauna jarrabawa, kuma ranar da aka ga damar tuna ƙa'idar ba a yin sanarwa.

Ɗakin gwaje-gwaje ma abin alfahari ne. Kwamitin nan na 2012 ya ga inda ake kunna rishon kananzir a madadin murhun gas na gwaji, shaida ce ta cewa mun dogara da kayan gida. Mutum ashirin kan kewaye madubin ƙara girma guda ɗaya, ɗaya ya leƙa, sha tara su rubuta abin da ya ce ya gani. Haka ake gina amana tsakanin masana kimiyya.

Malamai kuwa, a cikinsu akwai waɗanda za ka riƙa yi wa addu'a har tsufanka, mutanen da ke sayen alli da man janareta daga aljihunsu, su duba takardun ɗalibai dubu da fitilar waya. Gwamnati ta saka musu da alheri. Ta bar su shekara da shekaru a kan albashin da aka tsara tun yarjejeniyar 2009, don kada dukiya ta ɗauke musu hankali daga ilimi, har da yawa daga cikin gwanayen suka tattara suka tafi koyar da 'ya'yan wasu a Saudiyya da Malesiya da Ingila. Irin waɗannan in ka same su ka riƙe su, ka je ofishinsu da tambaya, suna jin daɗin ɗalibi mai tambaya fiye da yadda kake zato. Akwai kuma ɗaya irin. Shi ne mai handawut, wanda ba ya tilasta wa kowa saye, sai dai kilas-ref na rubuta sunan duk wanda ya saya, don tarihi. Shi ne kuma mai cewa, "Ki same ni a ofis bayan magariba, mu duba matsalar makinki." A Disambar 2018 kotun tarayya da ke Osogbo ta ɗaure Farfesa Richard Akindele na Jami'ar Obafemi Awolowo shekara 2 a kan neman ɗalibarsa da lalata don ya ba ta maki, kuma abin da ya kama shi muryarsa ce da ɗalibar ta naɗa a waya. A Oktoban 2019 sashen binciken BBC ya nuna wa duniya irin wannan a Legas da Accra. Ƙanwata, kada ki shiga ofishin malami ke kaɗai a rufe ƙofa. Ki tafi da ƙawa, ki je da rana. Saƙon da ya turo kada ki goge, kiran da ya yi ki naɗa, ki gaya wa babbar malama mace da kika yarda da ita, ki gaya wa gida. Jami'a tana da kwamitin ladabtarwa mai son gaskiya ƙwarai, sai dai ba ya ganinta sai an kawo masa ita da sauti da hoto.

Yanzu ga sirrin da jami'a, saboda kunya irin ta uwa, ba ta cika faɗa wa baƙo ba sai ya makara. Kowane kwas yana da nauyi, yunit 2 ko 3 ko fiye. Maki 70 zuwa sama A ce, tana da daraja 5. Daga 60 B ce mai 4, daga 50 C ce mai 3, haka har ƙasa da 40, inda F take da sifili. Ana ninka darajar da yunit, a tara, a raba da jimillar yunit ɗin da ka ɗauka, abin da ya fito shi ne GP ɗinka. A a kwas mai yunit 3 ta ba ka 15, F ta ba ka sifili, amma yunit ɗinta uku suna nan a cikin abin da za a raba da shi, ga kuma kari-oba da za ka dawo ka zauna da ƙannenka baɗi. Digiri mai daraja ta ɗaya daga 4.50 yake farawa, mai bi masa daga 3.50, kuma a nan yawancin masu ɗaukar aiki da masu ba da tallafin ƙaro karatu suke ja layi. To yi lissafi. A karatun shekara huɗu, in nauyin shekarun ya yi daidai, wanda ya gama aji ɗaya da 2.00 sai ya riƙe 4.00 shekara uku a jere kafin ya taɓa 3.50. Shekarar farko talge ce, in ta yi gudaji tun a nan, duk tuƙin da za ka yi daga baya sai an ji su a baki. Ita ce kuma shekarar da aka zaɓa a cinye maka makonnin farko a layin rijista da neman gado, a fara lacca ba ka nan, a yi tes kana banki. Sannunku da tsari.

Don haka tes da aikin gida, waɗanda ke ɗauke da maki 30 ko 40 cikin 100, kada ka raina ko ɗaya. Ka fara karatu tun makon farko, ko da shafi biyar ne a rana, domin kwanan aji na daren jarrabawa ba ya haifar da komai sai ciwon kai da satar amsa, satar amsa kuma kora ce. Ka nemi tambayoyin shekarun baya. Ka halarci tutoriyal ɗin da ƙungiyar ɗalibai Musulmi da ta Kirista da ƙungiyoyin sashe ke shiryawa, yawancinsu kyauta ne, kuma a nan ne ɗan aji uku zai warware maka da Hausa abin da ya gagare ka da Turanci. In daga makarantar gwamnati ta ƙauye ka fito, Turancin malam zai yi maka gudu a watan farko. Ba daƙiƙi ba ne kai, an tura ka fagen ne ba a ba ka kayan aiki ba. Ka riƙe ƙamus a waya, ka yi tambaya ko za a yi dariya, masu dariyar rabinsu su ma ba su gane ba.

Bayan jarrabawa, wata ni'imar tana jiranka, wato ɓatan sakamako. Ka zauna, ka rubuta, ka miƙa, allo ya fito an ce ba ka zo ba. Da wannan ake koya wa ɗalibi tawakkali. Kafin ka kai ga tawakkalin, ka tabbata ka sa hannu a takardar shiga da ta fita a kowace jarrabawa, ka rubuta lambarka daidai a kowane shafi, ka adana takardun tes da aka dawo maka da su. In abin ya faru, ka rubuta ƙorafi ta hannun shugaban sashe a makon da allo ya fito, ka sa a buga wa kwafinka hatimi. Maganar baka a baranda ba ta da rasidi.

Sai babbar kyauta, wadda ba kowace ƙasa ke iya yi wa 'ya'yanta ba: hutun da ba a san ranar ƙarewarsa ba. A 2009 gwamnati ta sa hannu a yarjejeniya da ƙungiyar malamai ta ASUU. A 2013 malamai suka yi wata biyar da rabi a gida don a cika ta, aka yi alkawarin naira tiriliyan 1.3 na gyaran jami'o'i cikin shekara shida, aka saki biliyan 200 na farko, sauran aka riƙa ɗigo da su in an ga wuta. A 2020 aka yi wata 9. A 2022 aka rufe daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba, wata 8 cif, sai da kotu ta tilasta wa malamai komawa, aka kuma riƙe musu albashin watannin. Wanda ya shiga aji ɗaya a 2019 ya samu hutun wata 17 a waɗannan biyun kaɗai. Wane gata ya fi wannan? Yarinya ta koma gida ta taya Inna wanke-wanke har dangi suka ce zaman ya isa, aka ɗaura mata aure, karatun ya tsaya a nan. Yaro ya hau babur ɗin haya, ya saba da kuɗin yau da kullum, aka buɗe makaranta bai dawo ba. Wanda ya dawo ya tarar an matse zangon wata huɗu cikin mako shida. Ya gama yana da shekara 28, ya buɗe tallan aikin banki ya ga an ce kada a wuce 26. In ya haura 30 kafin ya kammala, hukumar bautar ƙasa ma ta yafe masa, ta miƙa masa takardar sallama. A daidai watannin da ƙofofin ke garƙame, manyanmu sun cika Facebook da hotunan bikin kammala karatun 'ya'yansu a Ingila da Dubai, suna murmushi, suna gode wa Allah. Sadaukarwa ce, sun janye nasu ne don su rage muku cunkoso a zauren lacca. Kason ilimi a kasafin kuɗin tarayya kuma an daɗe ana riƙe shi ƙasa da kashi 10 cikin 100, don kada ku sangarce.

Ka shirya wa wannan hutun tun ranar da ka shigo. Ka koyi sana'ar da za ta bi ka duk inda ka je, ɗinki, gyaran waya, haɗa sola, aikin kwamfuta. In an rufe, ka kwashe littattafanka da takardunka ka tafi da su, kada ka bar su a ɗaki wa gara da ɓarayi, kuma ka ci gaba da buɗa su, domin ranar da aka janye yajin aiki jarrabawa na iya biyo baya da mako biyu.

Ciki kuwa, ai an daɗe da gano cewa ƙoshi ke kawo barci. Mutanen da ke mulkin ƙasar nan, a zamaninsu tikiti suke miƙawa a ɗakin cin abinci a zubo musu shinkafa da kaza, a wanke musu zanen gado. A Afrilun 1978 aka ƙara kobo 50 a kuɗin abincin yini, daga naira 1.50 zuwa naira 2, suka fito zanga-zangar neman a tsige Kanar Ahmadu Ali, kwamishinan ilimi na tarayya, har aka kashe ɗalibai a Legas da Zariya. Sun ɗanɗani illar abinci mai arha, shi ya sa da girma ya zo musu suka kare ku daga ita. Kai tsarinka sifili-ɗaya-sifili ne, wato ci sau ɗaya a yini, ko sifili-sifili-ɗaya in wata ya yi nisa: garin kwaki da ƙuli da ruwan leda, garau-garau ranar da aka samu wake. Kuma karatu a jami'ar tarayya har gobe kyauta ne a takarda. Dubun-dubatar da aka ninka muku a 2023, bayan cire tallafin mai, ba kuɗin karatu ba ne, kuɗin hidima ne. Baba zai ji sanyi in ka yi masa wannan bayanin.

Wanda ya kasa biya an tausaya masa da bashi. Asusun NELFUND da ya buɗe a Mayun 2024 yana biyan kuɗin makaranta kai tsaye, ya ba ɗalibi naira dubu 20 a wata, abin da bai cika naira 670 a yini ba. Babu kuɗin ruwa, sai shekara 2 bayan bautar ƙasa za a fara cire kashi 10 cikin 100 na albashinka, in Allah ya kawo albashin. Waɗanda aka ciyar kyauta sun ranta maka, a gaishe su. In kana bukata ka nema, ba abin kunya ba ne, kuma ya fi barin karatu. In ka riga ka biya kafin kuɗin su iso, ka bi makaranta da rasidinka ta dawo maka da naka. Kayan abincin da ka zo da su ka raba su mako-mako tun ranar farko, ku haɗa tukunya da mutum biyu ko uku masu amana. Ka nisanci cacar ƙwallo ta waya, da manhajojin ba da rance, da duk wanda ya ce ka kawo dubu goma ta zama ashirin. Wanda ya miƙo maka ƙwaya ya ce tana hana barci a yi karatu, ka canza wurin zama. In ƙunci ya danne ka, ka kasa barci, ka kasa cin abinci, ka daina son fita, akwai ofishin ba da shawara mai kyakkyawan allo a ƙofa, in ka tarar da shi a buɗe ka shiga. In ka tarar da kwaɗo, ka nemi limami ko fasto ko malamin da ka yarda da shi, ka kira gida, kada ka rufe kanka da shi.

Wata rana cikin zangon farko za a ba ku hayar riga da hula, a jera ku a rana, ku ɗaga hannu ku yi rantsuwar bin dokokin jami'a, ba za ku tayar da fitina ba, ba za ku ɓata mata suna ba. Ka saurara da kyau ko za ka ji wani daga kan mumbari ya rantse muku da ruwa, ko gado, ko ranar gamawa. In ƙishirwa ta sa kun fito kun yi magana, za a rufe makaranta, a rushe ƙungiyar ɗalibai, a ɗora wa kowa kuɗin gyaran abin da ya fashe, har da wanda yana gida ranar, sannan a sa ka zo da mahaifinka ya sa hannu cewa ka shiryu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma ƙasar da ke son mutanen da za su yi layin mai su ce an gode, dole ta fara da wuri.

In shekara ta zagayo, ka zama ɗan aji biyu, za ka ga wani yaro a bakin ƙofa da akwatin ƙarfe da fayil, yana waige-waige. Zai matso ya ce, "Yaya, don Allah ina ake samun gado?" Ka dube shi sama da ƙasa, ka ce masa haka kowa ya tarar, mu ma haka muka sha. Sannan ka ja shi gefe ka gaya masa akwai wani gado a hannunka, ka ɗora dubu goma a kan abin da aka karɓa wajenka bara, tunda kaya sun yi tsada.